A Duba Sarƙar Cikin Inji Kafin Albasa Ta Nuna

A Amarawa, can bakin iyakar Illela da Ƙonni, babur ya zama jakin manomi. Shi ke kai taki fadama, shi ke fito da buhun albasa kasuwa. Amma galibin masu tsofaffin babura sarƙar waje kaɗai suke dubawa, sun manta akwai wata a cikin inji, wadda bakanikai ke kira taimin cen. Wannan sakaci ne mai tsada.

Aikin wannan sarƙa shi ne ta sa bawul ya buɗe ya rufe daidai da hawa da saukar fistin. Karanshaf ya juya sau 2, kamshaf ya juya sau 1. In ta saki, sai a ji inji yana kacau-kacau da safe, ga wuyar tashi, ga rashin ƙarfi. In aka ƙyale ta har ta tsallake haƙori, fistin na iya dukan bawul ya lanƙwasa shi. Gyaran yini guda ya koma na buɗe inji duka.

Waɗansu sukan ce ai kuɗi sai an sayar da albasa, balle mai ya yi tsada tun da aka janye tallafi a 2023. Gaskiya ne. Amma babur ba ya zaɓen ranar mutuwa, kuma albasa ba ta jiran bakanike.

Kamata ya yi manomi ya kai babur tun kafin a fara cira. Ya tsaya ya ga an daidaita alamar T ta jikin maganeto da tsagar jikin inji, alamar haƙorin kamshaf kuma ta zauna wurinta. In sarƙa ta miƙe, a canja ta tare da robar da take bi, a duba abin da ke ɗame ta. Bawul kuwa sai inji ya huce ake saita shi. Kada a sayi ta jabu, araha ba ta ado.

Mai Honda CG125, wanda ya fito a 1975, shi ba ruwansa da wannan sarƙa, sanduna ke tura bawul ɗinsa. Mai Bajaj Boxer kuwa yana da ita.

Abin da ke cinye ta baƙin mai ne mai datti. Ƙurar hunturu tana shiga inji, saboda haka a riƙa juye mai a kan kari, a wanke matatar iska. Wanda ya ciyar da jakinsa da damina, shi ke hawansa da rani.