Murhun laka: a auna shi da tukunya

A garuruwanmu da yawa, daga Tasawa har Madawa, itacen girki ya yi nisa. Mata suna fita da hantsi, ba su dawowa sai azahar. Inda sabara da geza suka ƙare, ana ƙona kara da kashin shanu, wato takin gona ne muke ci da wuta.

Murhun duwatsu uku yana da hannu a wannan wahala. Iska na shiga ta ko'ina, tana kwashe zafi, tukunya ba ta samu sai kaɗan. Murhun laka, irin wanda aka sani da suna Albarka, yana tare wutar a ƙarƙashin tukunya. Ba ya cin kuɗi: laka ce, da kashin jaki, da ƙaiƙayi. A kwaɓa, a rufe, a bari ta kwana bakwai kafin gini.

To me ya sa wasu gidaje suka gina shi, suka watsar? A ganinmu, laifin awo ne. Maigida ko magini ya yi gini yadda ya ga dama, bai tambayi mai girki ba.

Kowace tukunya da murhunta. A kafa duwatsu uku, a aza tukunyar da za a riƙa girki da ita, a ɗaga bango kewaye da ita har kusa da kunnuwanta. Tsakanin bango da tukunya a bar faɗin yatsa ɗaya. Idan ya matse, wuta ta shaƙe, hayaƙi ya yi yawa. Idan ya buɗe, zafi ya gudu. Ƙofar itace ɗaya ce tak. Uwargida ta zauna ta gwada muciya tun laka tana ɗanya, domin murhun da tukunya ke rawa a kansa ba ya tuƙa tuwo.

Kada mu ruɗi kanmu: hayaƙi yana raguwa, amma ba ya ƙarewa. Shi ne ke sa jan ido da tari, yana kuma cutar da ƙirjin jaririn da ke goye. A gina murhu a rumfa ko a ɗaki mai taga.

A bar shi ya bushe a inuwa mako guda kafin a hura wuta. In ya tsage, a liƙe da ragowar laka. Da damina a rufe shi, ruwa na cin sa.