Littattafai Huɗu a Wata Guda: Wanne Ne Mai Guba?

Ina so in yi amfani da wannan fili in faɗi ra'ayina a kan abin da ya daɗe yana jawo ka-ce-na-ce a gidajenmu, wato karatun littattafan hira da na zane.

A hutun da ya wuce na yi wata guda cur a gidan kawuna, na kuwa karanta littattafai huɗu, kowane mako ɗaya. Biyu na Hausa ne. Biyu kuma labarai ne cikin zane da Faransanci, waɗanda taubashiyata ta zo da su daga Maraɗi inda take karatu. Tana karantawa tana fassara mini, ni kuwa ina bin hotuna. Ana gobe zan koma gida Kawu ya same mu da su a kan tabarma, ya shiga ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya ce, "Wannan na makaranta ne, madalla." Na zanen ya ce, "Wasan yara ne, ba komai." Da ya zo kan na huɗu sai ya haɗe rai ya ce, "Ke 'yar nan, irin waɗannan ne ke ɓata ku." Na ce, "To, Kawu," na yi shiru, don ba a ja da babba. Amma har yau ina juya maganar, domin abin da na tarar a cikin littattafan ya saɓa da yadda ya jera su.

Bari in fara da wanda ya yaba, Shaihu Umar na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa. Yana cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933, tare da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Na ɗauka labarin wani malami ne mai daɗin ji kawai. Ashe labarin bauta ne. An sace Umar yana ƙaramin yaro, har ya ƙare a hannun wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya ƙetara hamada da shi, ya riƙe shi kamar ɗansa, ya sa shi karatu. Uwarsa kuwa ta bar gida tana cigiyarsa, ita ma aka mai da ita baiwa, sai a Tarabulus suka gana, ba ta daɗe ba ta rasu. Wallahi sai da na ajiye littafin na share hawaye. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, masu kai harin kamo bayi da masu sayar da su ba baƙi ba ne, mutanen ƙasarmu ne. Wannan magana ce mai nauyi wadda ba kasafai ake gaya mana ita ba, ga ta kuwa a littafin da kowa ke cewa na makaranta ne.

Sai wanda Kawu ya haɗe wa rai, Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Na shiga cikinsa ina jiran kalaman samari da 'yan mata, sai na tarar da Rabi, matar wani ɗan kasuwa, Alhaji Abdu, mai 'ya'ya tara. Ga kuɗi a hannun mijin, amma cefane sai an yi da gaske. Ya auro Delu, rigima ta tashi, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Ba ta zauna tana kuka ba, ta kama sayar da abinci ta riƙe yaranta, har 'yarta Saudatu ta yi aure na mutunci. Daga baya gobara ta cinye rumfar Alhaji, dukiya ta ƙare, amarya ta kama gabanta, aka dawo ana matsa wa Rabi ta karɓe shi. To jama'a, ina ɓata tarbiyya a nan? Wace unguwa ce ba ta da irin Rabi? Littafin nan tambaya yake yi a kan haƙƙin ci da sha da sutura da ke kan maigida, abin da muke karantawa a aji. Ba banza ba Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, aka buga a ƙasar Indiya a 2012.

Yanzu ga wasan yaran. Na farko Tintin a Kwango ne, na wani mai zane ɗan Beljiyam da ake kira Hergé. An fara buga shi kashi-kashi a jaridar yara a 1930, lokacin Kwango na ƙarƙashin mulkin mallakar Beljiyam, shi kuwa mai zanen bai taɓa taka ƙasar ba. Zanen gwanin kyau, ga ban dariya, har na yi ta ƙyalƙyatawa a shafukan farko. Can sai dariyar ta tsaya mini. Duk baƙin mutum a ciki an yi masa leɓe kamar faifai da ido zuru-zuru, ga lalaci, ga tsoro, ga gurguwar magana. Yaro Bature ɗaya shi ne likita, shi ne alƙali, shi ne malami, har karensa ake girmamawa. Namun daji kuwa kashe su yake kamar wasa, karkanda ma da nakiya ya tarwatsa ta. A bugun farko har aji ya shiga yana koya wa yaran Kwango cewa Beljiyam ce ƙasarsu. Da aka sake zana littafin da launi a 1946 aka mai da darasin na lissafi. A 2007 wani ɗan Kwango ya kai ƙara a Beljiyam yana neman a hana sayar da shi, kotu ta ƙi a 2012. Ƙanena ɗan shekara bakwai bai iya Faransanci ba, amma hoto ba ya bukatar tafinta. Da na bar masa shi, me zai koya game da fatar jikinsa?

Na biyun shi ne Aya ta Yopougon, wanda Marguerite Abouet, haifaffiyar Abijan, ta rubuta, Clément Oubrerie ya zana, ya fito a 2005. Labarin wata budurwa ce a unguwarsu a ƙarshen shekarun 1970, mai son zama likita alhali mahaifinta bai ga amfanin dogon karatun mace ba. A nan mutanen Afirka mutane ne sosai, da wayonsu da wautarsu. Sai dai akwai gidajen rawa da shaye-shaye, ga ƙawarta da ta yi ciki ba aure. Ni na ƙaru da shi, amma ba zan miƙa wa ƙanwata 'yar aji uku ba.

Kada a fahimce ni baibai. Ban ce duk littafin da ake sayarwa a kasuwa na kirki ba ne. Akwai na banza, akwai masu cinye lokacin hadda da bitar karatu, tsoron iyayenmu kuma yana da dalili. A 2007 har ƙona littattafan hira aka yi a bainar jama'a a Kano saboda wannan tsoro. Amma wutar ba ta hana karatu ba, yau ga labaran sun koma cikin waya inda babu mai gani. Abin da nake cewa shi ne, rarraba littattafai da suna, wannan na soyayya, wancan na yara, ba ya tsare kowa. A cikin huɗun nan, wanda aka tsana shi ya fi koya mini tausayi, wanda aka ce ba komai shi ne mai gubar. Sai an ɗanɗana ake sanin miya ta ji gishiri.

Don haka ina roƙon malamanmu, cikin ladabi, a ware mana sa'a ɗaya a wata. A zaɓi littafi guda, malami ko malama su karanta, mu ma mu karanta, sannan a zauna a tambaya: wa ya rubuta, yaushe, wa ya ɗaukaka, wa ya ƙasƙantar? Masu hannun zane a cikinmu kuma, ga filin mujallar nan, su zana mana labaranmu da boko da ajami, tun da mun ga yadda kamanninmu ke fitowa idan wani ya zana mu.

Ni dai na yi niyya, in Allah Ya kai mu hutu mai zuwa, zan kai wa Kawu littafin Hajiya Balaraba in roƙe shi ya karanta, sannan ya yanke hukunci. Abin da ya ce bayan nan, zan karɓa.

Allah Ya ƙara mana fahimta, amin. Wassalam.