Sulhun taurarin rock na cika fili, amma ina sabuwar waƙa?

Ranar 4 ga watan Yulin 2025, a birnin Cardiff na Birtaniya, Noel Gallagher da ƙanensa Liam suka hau dandamali tare, shekaru 16 bayan rigimar da ta wargaza ƙungiyarsu ta Oasis a Paris. Washegari a Birmingham, mutane huɗun da suka kafa Black Sabbath suka yi wasa tare karon farko cikin shekaru 20, kafin jagoran waƙarsu Ozzy Osbourne ya rasu ranar 22 ga watan. Shin haɗuwar tsofaffin ƴan ƙungiya tana ƙara mata farin jini?

Idan maganar kuɗi ce, babu gardama. Da Slash da Duff McKagan suka koma wajen Axl Rose a 2016, rangadin Guns N' Roses ya tara sama da dala miliyan 580 zuwa 2019. Oasis kuwa, ana sanar da dawowarta a Agustan 2024, kundinta na farko, Definitely Maybe na 1994, ya sake hawa matsayi na ɗaya a Birtaniya.

Sai dai a duba da kyau. Izzy Stradlin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Guns N' Roses, bai dawo ba. Oasis ma ta yi rangadinta ba tare da Tony McCarroll, makaɗin gangarta na farko ba, kuma filaye suka cika maƙil. Ashe abin da jama'a ke saye shi ne sulhun manyan fuskoki biyu da suka daɗe ba sa ga maciji, tare da kewar ƙuruciyarsu. Sauran ƴan ƙungiya, masu saida tikiti ba su damu da su ba.

Wannan kewar kuma aljihun masoya ne ke biyanta. A kasuwar Ticketmaster, wasu tikitin Oasis sun tashi daga kusan fam 150 zuwa fam 355, wato fiye da jika 250 na kuɗin CFA, yayin da mutane ke kan layi a intanet, har hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta buɗe bincike.

To me aka samu sabo? Guns N' Roses ta kwashe shekaru bayan sulhun ba ta fitar da cikakken kundi ba, sai ƴan waƙoƙi ɗai-ɗai. Oasis ma tsofaffin waƙoƙinta ta rera a 2025.

Gaskiya ne da tsohuwar zuma ake magani, kuma matasa da yawa sun gano waɗannan waƙoƙi ta dalilin dawowar. Amma farin jinin da aka ranto daga jiya yana da ranar ƙarewa. Ƙungiyar da ta yi sulhu da gaske, a ɗakin ɗaukar waƙa ya kamata ta nuna shi, kafin ta sake tsawwala wa masoyanta kuɗin shiga.