Manhajar da Ba Ta Bibiyar Aikin Bugu Kurma Ce

Sanin kowa ne cewa jijiyoyin saƙo a jikin ɗan Adam iri biyu ne: masu kai umarni daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi, da masu komo mata da labari. Manhajar kwamfuta ma tana buƙatar duka biyun.

Alal misali, ɗalibi ya taso daga Kurfi zuwa wani shago a Dutsin-Ma domin buga takardar shiga jarrabawar JAMB. Aka danna umarni, shiru. Ashe takarda ce ta maƙale a firinta. Aka sake dannawa sau 3. Da aka gyara, sai kwafi 4 suka fito, ga asarar takarda da tawada.

Dalili kuwa shi ne aikin bugu layi yake fara shiga, a wani sashe na Windows mai suna Print Spooler. Sashen yana iya sanar da manhaja duk canjin da ya sami aikin, wato ko ya tsaya, ko an soke shi, amma sai mai tsara manhajar ya nemi hakan.

Saboda haka, wajibi ne malaman kwamfuta, tun daga sakandare har Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, su koyar da wannan bibiya. Aike bai cika ba sai ɗan aike ya dawo da bayani.