Abin da ya sa ɓera ke guje wa maganin ɓera

Ci ɗaya ya ishi dabba ta ƙyamaci abincin da ya ɓata mata ciki. Wanda ya tabbatar da haka a ɗakin bincike shi ne John Garcia, masanin halayyar dabbobi ɗan Amurka. A 1955 shi da abokan aikinsa suka ba ɓeraye ruwa mai zaƙin sakarin, suka haska musu tururin radiyeshan mai tayar da zuciya. Ɓerayen suka yi makonni suna ƙin ruwan.

Tazarar lokaci ce ta girgiza masana. Tun zamanin masanin nan Pavlov an ɗauka dabba ba ta haɗa alama da sakamako sai sun zo kusan tare. Nan kuwa ko ciwon bai taso ba sai bayan sa'o'i, ɓera na ɗora laifin a kan ɗanɗanon da ya ji. A 1966 Garcia da Robert Koelling suka nuna cewa koyon ma zaɓe yake yi. Ɓeran da cikinsa ya ɓaci ya guji ɗanɗanon, bai kula da haske da ƙarar da suka zo tare da ruwan ba. Wanda lantarki ya ja a ƙafa kuwa haske da ƙara ya tsorata, zaƙin bai dame shi ba. Ɓera ba ya iya amai, don haka ɗanɗana kaɗan da jiran abin da zai biyo baya su ne kariyarsa.

Wannan ilimi ya shafi duk mai rumbu. Sau da yawa a zuba magani, ɓeraye su mutu kwana ɗaya ko biyu, sauran su daina kusantarsa, sai a ce jabu ne. Ba lallai ba. Guba mai saurin aiki tana barin waɗanda suka lasa kaɗan, suka sha wuya, suka kuma gane. Irin su wafarin, masu hana jini daskarewa, sai bayan kwanaki suke kamawa, ɓera ba ya gano inda cutar ta fito. Mai amfani da guba mai sauri kuwa ya kamata ya fara ajiye hatsi zalla na 'yan kwanaki har ɓeraye su saba, sannan ya gauraya shi da gubar, nesa da yara da kaji.

A ƙasar da ɓera ke yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka gano a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yau, ya kamata malaman gona su riƙa yi wa manoma wannan bayani.