Daga Houston: Ciyawar Roba Ko Lambun Umma?

Yau ba siyasa, ba zancen aure. Rigimar gidanmu na kawo muku, don na san a cikinku akwai waɗanda irinta ke jiransu.

Hutun da ya wuce na koma gida, na tarar Baba ya ɗauko wata magana: wai a shimfiɗa ciyawar roba a filin bayan gidanmu, a kafa raga biyu, wurin ya zama ƙaramin filin ƙwallo. Ku lura fa, fili na ce. Ranar da na taɓa gaya wa baƙi cewa a "bayan gida" muke gasa nama, Umma kamar ta nutse don kunya.

Baba yana da hujjarsa. Autanmu shekararsa 13, ba ya ji ba ya gani in ba ƙwallo ba. Kullum sai ya tafi filin unguwa, ba ya dawowa sai an yi magariba, kuma rabin abokan nasa ba wanda ya san iyayensu. Baba ya ce, "Gara ya buga a inda idona ke ganinsa." Ga shi ya gaji da yankan ciyawa da kuɗin ruwa. Ita kuwa Umma, rabin filin nan lambunta ne: kuɓewa, yakuwa, rama, tattasai da zogale biyu. Ta ce, "To Alhaji, da roba zan riƙa kaɗa maka miya?" Daga nan aka juyo kaina, wai ni ne ɗan jami'a, in je in bincika.

Abin dariya, ashe a garinmu abin ya yi suna. Da aka buɗe filin wasa na Astrodome a 1965, hasken rufinsa ya riƙa kashe wa 'yan wasa ido, sai aka shafe wani sashe da fenti, ciyawa ta mutu. A 1966 aka shimfiɗa ta roba wadda kamfanin Monsanto ya ƙera, daga nan sunan AstroTurf ya fito. Amma ku tuna, wancan fili mai rufi ne da na'urar sanyaya iska. Namu kuwa rana ce tsirara.

Zafi shi ne matsala ta farko. Ciyawar Allah tana fitar da damshi ta sanyaya kanta, roba ba ta yi. Da tsakar rana a watan Yuli samanta kan wuce digiri 60 a ma'aunin Salshiyos. Wallahi ko takalmi ka sa sai ka ji a tafin ƙafarka.

Na biyu, aikin ba shimfiɗa darduma ba ne. Sai an kwashe ƙasar sama kamar inci 3 zuwa 4, a zuba tsakuwa, a daddaɓe ta da inji, a ɗan karkata filin don ruwa ya samu hanya, sannan a shimfiɗa robar, a haɗa bakunanta, a watsa yashi ko ɓarɓashin tsohuwar taya a tsakanin zaren. Ƙasar Houston laka ce, ba ta shan ruwa da wuri. Wanda ya ga ambaliyar Harvey a 2017 ba sai an yi masa bayanin magudana ba. Kafin haƙa kuma a kira 811, kyauta za a zo a nuna inda bututun gas da wayoyi suka bi, sannan a nemi izinin ƙungiyar masu gidajen unguwa in akwai ta.

Na uku, masu talla su ce "ba wahala". Haba dai! Ana share ta, ana taje ta, ana wanke ta, kuma bayan kamar shekara goma sai an sake sabuwa. Shi kuma ɓarɓashin taya yana bin takalmi har falo, yana bin ruwa zuwa kwata. A 2023 Tarayyar Turai ta yi dokar hana sayar da irinsa, za ta fara aiki a 2031.

Duk na rubuta wannan a takarda kamar aikin makaranta. Amma ba shi ya juya ni ba. Da yamma na fita na tarar Umma tana ɓare busasshiyar kuɓewa tana tara iri a kwalba, kamar yadda take yi duk shekara. Sai na tuna a nan na koyi kalmar "shuka", da "yabanya", da "tsinka". A nan ake baza tabarma ranar suna da ranar Sallah. Mu da aka haifa a nan ba mu da zaure, ba mu da gona. Wannan ɗan filin shi ne tsakar gidanmu. In aka binne ƙasarsa da tsakuwa, ba a tashi ɗaya ake dawo da ita ba.

Na ce, "Baba, a yi haƙuri, ina da shawara." Aka raba gardama. Auta ya samu gefen da inuwar gida ke rufewa da la'asar, raga ɗaya, da yashi maimakon taya, bisa sharaɗin shi zai riƙa sharewa. Lambun Umma bai motsa ba, sai shingen waya da aka yi masa saboda ƙwallo. Yanzu abokan Auta ne ke zuwa gidanmu, Baba ya san sunan kowa, har akwai wani ɗan Meksiko da ya iya cewa "Umma, akwai zoɓo?"

Don haka in zancen ya taso a gidanku, kar ku tsaya kan farashi kawai. Ku tambaya: wa ke amfani da filin nan yanzu, me kuma zai rasa? Mu yaran mun fi iya karanta takardar 'yan kwangila, amma iyayenmu mata sun fi mu sanin abin da ke cikin ƙasar.

Ku aiko da naku labarin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.