A Ofis Ko A Gida? Abin Da Ya Kamata A Koya Wa Manyan Gobe

Tun shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta sa Gwamnatin Tarayya ta umurci ma'aikata daga mataki na 12 zuwa ƙasa su zauna gida, wata tambaya ta shigo ofisoshinmu, ba ta fita ba har yau: wane aiki ne ya wajaba a yi shi ido da ido, wane ne kuma za a iya yi daga nesa? A Disamba 2021 Jihar Kaduna ta ce ma'aikata su riƙa yin aikin Jumma'a a gida, ban da na makarantu da asibitoci.

Ɗaliban da ke koyon aikin mulki, a Kongo ta Zariya da sauran wurare, su ne za su yanke wannan hukunci gobe. Lalle a koya musu shi.

Maganar ba sabuwa ba ce. Da can hakiman Kano suna zaune birni, jakadu ke kai saƙonsu ƙauye, har aka tilasta musu komawa gundumominsu wajen 1908, aka ce mai mulki ya zauna kusa da talakawansa.

Mu a ganinmu kuskure ne malami ya tsaya gaban allo ya ce wannan ya fi wancan. A ba ɗalibi ofis guda, a ce ya rarraba ayyukansa ɗaya ɗaya. Lissafin albashi da rubuta rahoto suna yiwuwa a gida, in akwai wutar lantarki da intanet, kuma a tambaye shi wa zai biya kuɗinsu, hukuma ko akawu. Amma tsohon da ya biya mota daga ƙauye don maganar fanshonsa, ya tarar da ƙofa a kulle, wa ya ci ribar zaman gidan nan? Haka kuma sabon akawu. Yawancinmu ba a littafi muka koyi tsara wasiƙa ba, a gefen teburin babban akawu muka koya, yana gyara mana da jan biro.

Wani abin kuma, a hore su su auna ma'aikaci da aikin da ya gama. Mun san masu zuwa da sassafe su sa hannu a rajista, su wuni ba su buɗe fayil ko ɗaya ba. Shugaban da bai iya wannan awo ba, ranar ƙarin girma zai tuna da wanda yake gani kullum, ya mance da wadda ta gama aikinta a gida.

Muna roƙon shugabannin kwalejoji su tura kowane ɗalibi sakatariyar ƙaramar hukuma na mako biyu, ya ƙirga masu zuwa da abin da ya kawo su, kafin ya rubuta jarrabawarsa ta ƙarshe.